Fashin Baƙi: Wuta-wuta, Ɗakin Gwaji da Tambayar "Me Manomi Ya Samu?"

Duk inda aka zauna rabon kuɗin binciken aikin gona, a majalisa ne ko a jami'a ko a gaban masu ba da tallafi, akwai tambayar da ke kashe bakin masu bincike: to, me manomi ya samu? Tambaya ce mai kan gado, domin kuɗin jama'a ne, kuma mai gona ba ya cin takarda. Sai dai ita ce ke raba masana gida biyu. Akwai masu binciken tushe, waɗanda burinsu su gane yadda abu yake aiki ko da ba su san ranar da sanin zai yi amfani ba. Akwai kuma masu binciken neman mafita, waɗanda ke ɗaukar matsalar da ke gaban manomi su ce bana ko baɗi sai mun kawo iri ko magani ko dabara. Na biyun suna da amsar da za su bayar nan take. Na farkon kuwa sai su yi ta kame-kame, shi ya sa a ƙasar da aljihu bai da nauyi su ake fara zaftare wa kaso.

Ban ga abin da ke fayyace wannan gardama kamar labarin wuta-wuta ba, ciyawar da wasu ke kira ƙuduji. Duk wanda ya ratsa gonar dawa a ƙarshen damina a Kano ko Katsina ko Maraɗi ya san ta: furanni masu ruwan hoda sun lulluɓe gona gwanin sha'awa, dawar kuwa ta tsumbure, ganyenta ya yi rawaya kamar an yi fari alhali ruwa na sauka. Lokacin da ido ya gan ta, ta riga ta gama ɓarna, domin makonni take yi a ƙarƙashin ƙasa a manne da saiwar dawa tana zuƙe ruwa da abinci kafin ta ɓullo. Tsiro ɗaya yana zubar da dubun-dubatar 'ya'ya, ƙanana kamar ƙura, kuma suna iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara goma suna jira. Ba sa tsira don ruwa ya sauka kawai. Sai sun ji alamar saiwar dawa ko gero ko masara a kusa, domin guzurin da ke cikin ƙwayar bai wuce na 'yan kwanaki ba. In ta tsira ba ta sami inda za ta manne ba, ta mutu.

Wace alama ce suke ji? Wannan tambaya ce ta binciken tushe, kuma ba a nan aka fara amsa ta ba. A tsakiyar shekarun 1950 wani nau'in wuta-wuta ya ɓulla a gonakin masara na jihohin Karolina a Amurka, hankalin hukumomi ya tashi, aka zuba kuɗi. A 1966 masana a can suka tace wani sinadari daga abin da saiwar auduga ke fitarwa, suka nuna cewa ɗan mitsitsinsa ya isa ya tayar da ƙwayar ciyawar daga barci. Suka sa masa suna strigol. Abin lura, auduga tana tayar da wuta-wuta amma ba ta ciyar da ita, don haka ƙwayar ta tsira ta mutu a banza. Wannan ne ya bayyana dalilin da ya sa juya shuka da auduga ko waken suya ke rage ciyawar a gona, abin da manoma da malaman gona suka lura da shi ba tare da sanin sirrin ba.

Daga nan wata tambaya ta tsaya cak kusan shekara arba'in: me zai sa tsiro ya riƙa fitar da abin da ke kira masa maƙiyi? Wanda ya nemi kuɗi don amsa wannan, da wuya ya iya cewa ga abin da manomi zai samu. A 2005 wasu masana a Japan, ƙarƙashin Kohki Akiyama, suka gano cewa saiwa ba wuta-wuta take kira ba. Wata fumfuna take kira, mai zama cikin ƙasa tana ƙulla abota da saiwa, ta jawo mata sinadarin fosfaras daga nesa, ita kuma saiwar ta biya ta da sukari. Wuta-wuta saurare kawai take yi ta tsinci saƙon da ba nata ba. A 2008 kuma ƙungiyoyi biyu, ɗaya na aiki kan shinkafa a Japan, ɗaya kan wake ɗan Turai a Faransa da Ostareliya, suka nuna cewa wannan dangin sinadarai ne ke hana tsiro yawan yin rassa. Ashe abin da aka ɗauka na ciyawar Afirka ne kaɗai yana cikin jikin kusan kowane tsiro.

A nan ne sanin ya dawo gona. Gwaje-gwaje sun nuna cewa idan ƙasa ta rasa fosfaras, saiwa tana ƙara yawan sinadarin da take fitarwa, domin a matse take da neman taimakon fumfunar. Kenan gonar da ta gaji ita ce ta fi ɗaga murya, ita ce kuma wuta-wuta ta fi ji. Tsofaffin manoma sun daɗe suna cewa ciyawar matacciyar gona ce, a zuba taki ta ragu. Gaskiya suka faɗa, amma yanzu an san wane ɓangaren taki ne ke aikin da kuma lokacin da ya fi tasiri, wato farkon rayuwar shuka. Dabarar nan da cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ta yaɗa, ta zuba taki cikin murfin kwalba a kowane rami lokacin shuka maimakon watsa shi a duk gona, an ɓullo da ita ne don talaka ya ci moriyar ɗan takin da ya iya saye. Daga baya aka ga tana rage wa wuta-wuta ƙarfi ma, kuma an san dalili.

Masu shakkar binciken tushe suna da hujja a cikin labarin nan, kuma bai kamata a ɓoye ta ba. Tun 1966 ake mafarkin a haɗa sinadarin a masana'anta, a fesa a gonar da ba a shuka ba, 'ya'yan ciyawar su tsira su mutu. Amurka ta yi wani abu mai kama da haka da iskar etilin da manyan injuna, ta kusa kawar da ciyawar daga ƙasarta bayan shekaru masu yawa da maƙudan kuɗi. A 2015 an gano ainihin abin da ƙwayar wuta-wuta ke jin sinadarin da shi, a 2018 masana a Jami'ar Nagoya suka ƙera wani sinadari mai tayar da ita da ƙwayar zarra, an kuma gwada wasu makamantansa a gonaki a Burkina Faso an ga ragi. Amma fiye da shekara hamsin da fara maganar, manomin Ɗambatta bai da kwalbar da zai je kasuwa ya saya. Wanda ya ce wannan jira ya yi tsawo bai yi ƙarya ba.

Mafitar da ta isa gona ta biyo wata hanya ce. Gebisa Ejeta, ɗan Habasha da ke Jami'ar Purdue, ya haɗa kai da wani masanin sinadarai suka samar da hanya mai sauƙi ta gwaji: a shuka dawa a cikin faranti mai ɗauke da 'ya'yan wuta-wuta, a auna nisan da suke tsira daga saiwar. Da wannan suka tace irin da ba ya tayar da ciyawar sosai, kuma tun tsakiyar shekarun 1990 irin ya fara isa hannun manoma a ƙasashen Afirka. Ejeta ya karɓi babbar lambar yabo ta abinci ta duniya a 2009. Ƙwayar gadon da ke haddasa wannan juriya kuwa, wato ɗan abin da ke cikin halittar iri wanda ta hanyarsa ake gadon siffa, sai a 2017 aka gano ta, kuma ta zo da mamaki: dawar ba ta daina fitar da sinadarin ba, sauya nau'insa ta yi zuwa wanda ciyawar ba ta ji sosai. Mafita ta riga cikakken sani da shekara ashirin, amma ba don ɗan sanin da aka samu tun farko ba, da ba a yi farantin gwajin ba. Wani nazari na 2020 ya ƙara nuna cewa wannan siffa ta fi yawa a dawar gargajiya ta yankunan da wuta-wuta ta yi katutu. Manoman da ke zaɓen zangarniyar da za su ajiye don iri sun daɗe suna wannan aiki da ido.

Haka abin yake a buhun adana wake mai hawa uku. Larry Murdock, masanin ƙwari na Jami'ar Purdue, da abokan aikinsa na Kamaru sun ɓullo da shi a Marwa tun ƙarshen shekarun 1980, aka yaɗa shi sosai daga 2007, ya raba mutane da yawa da zuba fiya-fiya a cikin abin da za su ci. Kowa ya ɗauka ƙwaron shaƙewa yake yi. A 2012 suka wallafa cewa ƙishirwa ce ke ƙarasa shi: ƙwaron wake yana samun mafi yawan ruwan jikinsa ne daga ƙona abinci da iskar da yake shaƙa, in iskar ta yi ƙasa ya daina ci, ya bushe. Shekara da shekaru buhu na aiki kafin a san yadda yake kisa.

To idan sani da mafita suna cuɗanya haka, wani lokaci wannan ya riga wancan, wani lokaci akasin haka, me ƙasa irin Najeriya ko Nijar za ta yi da ɗan abin da ke hannunta? Shugabannin Afirka sun sa wa kansu mizanin kashe aƙalla kashi 1 cikin 100 na arzikin da noma ke samarwa a kan binciken noma. Ƙididdigar 2014 ta nuna Najeriya ba ta kai rubu'in wannan ba, kuma mafi yawan abin da ake bayarwa a albashi yake ƙarewa. Da irin wannan aljihu, wasu ke cewa a bar wa Japan da Amurka binciken tushe, mu mu ɗauko sakamako mu yi aiki da shi. Ina ganin rabin maganar daidai ne. Yadda ƙwayar wuta-wuta ke jin sinadari ɗaya ne a Nagoya da Samaru. Babu dalilin da zai sa mu sayi injunan biliyoyi mu sake gano abin da an riga an buga. Sauran rabin ne ke da haɗari, domin akwai binciken tushen da ke manne da wuri, wanda ba wanda zai yi mana, kuma zanen aro ba ya rufe katara.

Wuta-wutar wake ta nuna hakan ƙarara. Wani waken gargajiya daga Botsuwana mai lamba B301 aka samu yana da juriya. B. B. Singh na cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, IITA, da A. M. Emechebe na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru suka bi diddigin yadda ake gadon juriyar, suka ga ƙwayar gado ɗaya ce mai rinjaye, wato ana iya ɗaukarta a kai ta cikin irin da kasuwa ke so, tun da shi B301 ƙanana ne 'ya'yansa, ba mai saye a Dawanau. Daga wannan aiki aka sami irin da Najeriya ta fitar a 2008 da sunan SAMPEA 10. Amma an gano cewa wuta-wutar wake ba iri ɗaya ba ce a Afirka ta Yamma: ta Najeriya da Nijar daban, ta Mali daban, ta Kamaru daban, kuma a Zakpota da ke Jamhuriyar Benin akwai wadda ke cin B301 ɗin kansa. Sanin wace ce ke wace gona, da lura da ranar da sabuwa za ta ɓulla, aiki ne na tattara samfuri shekara bayan shekara. Ba ya fitar da sabon iri a ƙarshen shekara, ba a kiran 'yan jarida a kansa, amma in ba a yi shi ba, za a raba wa manoma iri mai juriya ga abokin gabar da ba shi ne a gonarsu ba.

A fannin muhalli ma akwai darasin da ya fi wannan zafi. Bayan farin farkon shekarun 1970, wani babban masanin yanayi a Amurka, Jule Charney, ya kawo hasashe a 1975 cewa idan dabbobi suka cinye ciyawa ƙasa ta zama fili fetal, tana mayar da hasken rana sama, hakan ya rage haɗuwar hadari. Hasashe ne na ilimi, amma da ya shiga ofisoshi sai ya zama hukunci: makiyayi da manomi da mai saran itace su suka jawo wa kansu fari. An tsara ayyuka da dokoki da yawa a kan wannan fahimta. A 1986 masana a hukumar yanayi ta Ingila suka nuna alaƙar ruwan Sahel da ɗumin tekuna, a 2003 kuma Alessandra Giannini da abokan aikinta suka nuna cewa sauyin zafin saman teku kaɗai ya isa ya bayyana mafi yawan hawa da saukar daminar yankin a ƙarni na 20. Wasu nazarce-nazarce sun ƙara da cewa hayaƙin masana'antun Turai da Amurka ya sanyaya arewacin Tekun Atlantika, ya taimaka wajen janye damina kudu. Ba a ce lalata daji ba ya cutarwa ba; an ce ba shi ne babban mai laifin ba. Abin da ya ba da damar wannan gyara shi ne alƙaluman ruwan sama da wasu ma'aikata suka yi ta rubutawa kullum safiya a tashoshi irin na Kano da Damagaram da Yamai tun farkon ƙarnin da ya wuce. Hasashen damina da hukumar yanayi ta Najeriya, NiMet, da cibiyar nazarin yanayi da noma ta AGRHYMET da ke Yamai ke fitarwa kowace shekara a kan wannan sani ya tsaya. Mai duba ma'aunin ruwa a 1930 da an tambaye shi me manomi ya samu, da bai da ta cewa.

Irin wannan aiki mai dogon zango shi ne tsarin kuɗinmu ya fi zalunta. Mafi yawan kuɗin gudanar da bincike daga masu tallafi na waje yake zuwa, a aikin shekara uku ko biyar, da sharaɗin a ƙirga manoma nawa aka kai wa. Ba laifi ba ne mai ba da kuɗi ya nemi ganin sakamako. Amma ƙasa ba ta bayyana halinta a shekara uku. A Samaru, inda aka fara binciken noma tun 1922, an buɗe wasu filayen gwaji a 1950 ana zuba wa wasu kashin shanu, wasu takin zamani, wasu duka biyu, wasu ba komai, bisa tsarin filayen Rothamsted na Ingila da aka fara a 1843. Sai bayan shekaru masu yawa aka ga abin da gajeren gwaji ba zai nuna ba: wani nau'in takin zamani in aka daɗe ana zuba shi shi kaɗai yana sa ƙasa ta yi tsami, haɗa shi da na gargajiya ne ke riƙe gona. Fili irin wannan, da rumbun adana irin gargajiya mai buƙatar wutar da ba ta ɗaukewa, da tashar auna ruwa, ba su da tsada idan aka kwatanta da abin da ake kashewa a taron ƙaddamarwa. Matsalarsu ita ce in aka yi sakaci da su shekara biyar, ba kuɗin da zai dawo da abin da ya ɓata.

Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa ba saboda kara. Bincike da yawa da ake yi a jami'o'inmu ba na tushe ba ne, ba kuma na mafita ba. Na neman ƙarin girma ne. A gwada taki kashi uku a kan iri biyu a damina biyu, a buga a mujallar da ba mai karantawa, wani a wata jami'ar ya maimaita da wani irin. Ba sabon sani, ba abin da malamin gona zai ɗauka ya kai ƙauye. Idan ana maganar daidaito, wannan tulin ne ya kamata a fara rage wa kuɗi kafin a taɓa mai nazarin saiwa ko mai fitar da iri. Brazil da ta kafa hukumar binciken noma ta Embrapa a 1973 ta tura ɗaruruwan matasanta karatu mai zurfi a waje, ta dawo da su ta ɗora su kan matsalolin ƙasarta: ƙasa mai tsami ta yankin Serado, da ƙwayoyin bakteriya da ke sa waken suya ya samo wa kansa takin naitirojin daga iska, fannin da Johanna Döbereiner ta shafe rayuwarta a kai. Tambayoyin na tushe ne, amma gona ce ta haife su.

Waken SAMPEA 20-T mai juriyar tsutsa da Samaru ta fitar a Disambar 2019, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mohammad Ishiyaku, ya tara dukkan waɗannan zaruruwa. Tsutsar da ke huda fure da kwanson wake tana iya cinye har kashi 80 cikin 100 na amfani, kuma an bincika dubban nau'o'in wake a rumbun IITA ba a sami mai cikakkiyar juriya ba. Maganin ya fito ne daga wata ƙwayar bakteriya da wani ɗan Japan ya fara gani a 1901 tana kashe tsutsar siliki, da kuma dabarar shigar da ƙwayar gado cikin tsiro, wadda aka koya daga nazarin wani ƙullutu da ke fitowa a jikin itatuwa. An yi aikin shigarwar a Ostareliya, aka fara gwajin gona a Samaru a 2009, kuma SAMPEA 10 ɗin nan mai juriyar wuta-wuta aka ɗora siffar a kansa. Feshi ya sauko daga sau shida zuwa takwas a damina zuwa kamar sau biyu. Ana ta muhawara a kan irin da aka sauya wa halitta, masu goyon baya da masu adawa kowa da hujjarsa, amma duk ɓangaren da mutum yake, tambayoyin da suka rage na gida ne. Tsutsa takan saba da guba ɗaya idan aka daɗe. Yaushe tamu za ta fara? A waɗanne tsirrai take fakewa da rani? Afirka ta Yamma na da waken daji, dangin wanda ake nomawa. Me ke faruwa idan sun yi barbara? Ana aikin ƙara ƙwayar gado ta biyu don jinkirta sabawar tsutsar, amma sa ido a gonakin Kano da Jigawa da Zamfara sai an sami masanin ƙwari da zai riƙa kafa tarko yana ƙirga damina bayan damina, da layin kasafin da zai ci gaba da biyan man motarsa bayan aikin masu tallafi ya ƙare.